Zamzam a Kan Kifaffiyar Ƙwarya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Yunusa, autan marigayiya Hajara. Aminci da rahamar Allah su tabbata gare ka. Ina gaishe ka, ina gaida yayarka Rabi da maigidanta da yaransu, tunda a gidansu na unguwar Kudai, nan cikin Makka, za ka kwana. Allah ya kiyaye hanyar da za ka ɗauka gobe, ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da gyangyaɗi a kan sitiyari, ya sa aikin nan na garin Jizan, can kudu, ya zame maka alheri.

Ni nake faɗa, Malam Isuhu tela yake rubutawa, a kan teburin da yake yanka yadi. Ka san ban taɓa zama a aji ba, kuma ban taɓa jin kunyar hakan ba. Na zaɓi takarda ne saboda in muna magana ido da ido, kafin in kai rabin zance sai ka ce da Larabci, "Ɗayyib ya Baba, halas," ka sumbaci kaina ka fice. Takarda ba ta da kan da za ka sumbata. Da Hausa na sa a rubuta, da haruffan Turawa, ka kuwa iya su. In wata kalma ta kakare maka ka tambayi Rabi, ta fi ka zama kusa da bakin mahaifiyarku.

Shekarar da ruwa ya gangaro daga kwaruruka ya shiga Harami, har muka kwashi kwanaki muna fitar da laka da kwanduna, a shekarar na hau dutsen da kuke hana ni hawa yanzu. Lokacin gemu bai gama fito mini ba. Kun sha jin ana cewa Baba ya taɓa hawa wani dutse a hanyar kudu ya kusa mutuwa, kuna dariya. Ba wanda ya taɓa zama ya ji yadda abin ya kasance. Yau za ka ji, domin gobe motarka za ta wuce ta gefensa, kuma kakarka tana kwance a gindinsa.

Mu da ƙafa muka zo ƙasar nan. Jirgin ruwa ya sauke mu a wata gaɓa kudu da garin Lit, inda ba gida ba rijiya, muka kama hanyar Makka da ni da Baba mahaifina da Inna mahaifiyata da wasu mutanen Gobir. Ban gama famfara ba a lokacin. Inna ta taho da zazzaɓi tun daga Sudan. Abin da nake tunawa shi ne, duk sanda aka raba ruwa sai ta kai ƙwaryar bakinta kamar tana sha, sannan ta miƙo mini a cike. Ni kuma in shanye, yaro ne. A gindin wani ƙaton dutse mai santsi, wanda ya zauna shi kaɗai a fili, ta cika. Matan ayarin suka ce ya yi kama da ƙwaryar da aka kife bayan an gama cin tuwo, tun daga nan muke ce masa Kifaffiyar Ƙwarya. Larabawan wurin suna da sunan da suke kiransa, ban taɓa riƙe shi ba.

Ba ruwan wanka, sai taimama aka yi mata. Da aka rufe kabarin kuma ba ko ɗigon da za a yayyafa a kai, yadda ake yi wa kowane Musulmi a garinmu don ƙasa ta kwanta. Wannan abin ya tsaya wa Baba a rai har ya koma ga Allah. Kafin ayari ya tashi sai ya goya ni da rawaninsa, ya hau dutsen nan da ni. A can sama akwai wata tsaga da mutum zai iya tsayawa a cikinta. Ya sauke ni, ya kama kaina da hannu biyu ya juya shi, ya nuna mini wani busasshen rafi da ya lanƙwasa kamar gwiwar hannu, da wasu duwatsu uku a cikin lanƙwasar, sun zauna kamar murhu. Ya ce, "Audu, ka duba da kyau. Uwarka tana tsakanin duwatsun can. Ni na tsufa, kai ne za ka kawo mata ruwa."

Shi ke nan abin da ya bar mini. Bai bar gida ba, bai bar takarda ba.

To, shekarar ruwan nan ina karen mota a wata babbar mota da ke kai buhuna kudu. Direban Mamman Dogo ne, Bagobiri, baki gare shi kamar reza, amma ban taɓa ganin mai riƙon amana kamarsa ba. Lokacin ba kwalta a hanyar, sai burji da yashi da sawun wanda ya riga ka wucewa. In taya ta nutse ku sauka ku tona, ku shimfiɗa ƙarfe, ku tura. Na roƙe shi in mun kai dutsen ya tsaya mini. Ya ce zai tsaya, amma in na daɗe zai tafi ya bar ni in auri 'yar makiyaya.

Kafin mu tashi na sayi Zamzam irin na alhazai masu komawa gida. Kai ba ka ga zamaninsa ba. A gwangwani ake zuba shi, maƙeri ya liƙe bakin da dalma, ba mai buɗewa sai an kai inda za a kai. Na naɗe shi a tsumma na rungume shi tun daga Makka. Mamman Dogo yana ta tsokanata, wai in ruwan shayi ya ƙare da shi zai dafa.

Kuskurena na farko gaggawa. Mun iso wurin rana ta riga ta ɗaga. Mamman ya ce mu shiga ƙarƙashin mota mu kwanta, in bari sai gari ya yi sanyi ko kuma sai da asuba. Na dubi dutsen na ga kamar in miƙa hannu in taɓa kansa. Na ce kafin ya gama shayinsa na dawo. Yunusa, dutsen da ke tsaye shi kaɗai a fili maƙaryaci ne. Ba bishiya kusa da shi, ba gida, ba abin da ido zai gwada shi da shi, sai ka ɗauka ƙarami ne. Na yi tafiya har gumi ya jiƙe ni ban ma kai gindinsa ba. Saboda haka in ka je Jizan, wanda ya riga ka zama a wuri ya ce maka dakata, ka dakata, ko da maigadi ne, ko da ba ka ga dalili ba. Dalilin yana nan, kai ne idonka bai saba da wurin ba.

Malam Isuhu ya ɗago kai ya ce ashe na san a dakata. Na ce masa ya yi rubutunsa.

Na biyu, takalmi. Sabon silifa na roba na sa, wanda na saya don in yi kyau a kudu. Dutsen nan da rana kamar kaskon suya yake. Robar ta yi laushi, ta fara zamewa, igiyar ɗaya ta tsinke. Na cire na ci gaba da ƙafa. Tabon da kake gani a tafin ƙafata, wanda kuke cewa na gado ne, daga nan na samo shi. Kada ka shiga baƙon wuri da abin da ba ka gwada ba, takalmi ne, mota ce, ko aboki. Wannan motar taka ma sabuwa ce, na ji kana yabonta. Ka duba tayar baya da idonka, kada ka ce allon gaban direba zai gaya maka.

Na uku, na nufi fuskar dutsen kai tsaye, ta inda ya fi kusa. Can tsakiya sai santsi ya tare ni, ba gaba ba baya, ga gwangwani a ɗaure a bayana yana ja na ƙasa. Na manne da dutsen kamar ƙadangare ina karanta duk abin da na haddace. Da ƙyar na rarrafa gefe, sai ga kashin awaki. Na bi shi. Ashe hanya tana nan ta bayan dutsen, ta zagaya a hankali, awakin makiyaya sun daɗe da share ta. Ta nan Baba ya bi da ni a goye, ni ne na manta. Wannan hanyar nake so ka riƙe, domin ita ce amsar abin da likitana ya faɗa, wai kada in hau dutse. Ba hawan bango ba ne. Tafiya ce mai tsawo, da wuraren zama a inuwar dutse. Tsohuwa mai kiwo tana hawanta da sanda.

Yanzu ga babban. Ban ɗauki ruwan sha ba. Na ce kaya biyu sun yi nauyi, ga shi kuma yanzu zan dawo. Ruwan da ke jikina kaɗai shi ne na Inna, a liƙe da dalma.

Da na kai tsagar nan harshena ya kumbura, ya cika mini baki. Gumi ya daina fitowa. Na leƙa ƙasa, ga rafin, ga lanƙwasar, ga duwatsu uku, kamar jiya Baba ya juya mini kai. Na so in yi kuka, ido ya ƙi kawo ruwa. Na waiga ɗaya ɓangaren, motarmu ta koma kamar ƙwaro. Na yi kira, muryar ba ta fita ba. Na zauna a tsagar na rungume gwangwanin, ina jin ruwan yana motsi a ciki. Na rantse a raina ba zan taɓa shi ba, na Inna ne, alkawari ne. Na gwammace a tsinci gawata da shi a cike. Ka ga irin kan da ka gada.

Ban san iya zaman da na yi ba. Ganina ya fara duhu ta gefe-gefe. Sai ƙwaryar nan ta faɗo mini a rai, yadda take kai ta baki ta dawo da ita a cike. Na ce, Audu, matar da ta hana kanta ruwa don ka rayu, ita za ka je wa da mutuwar ƙishirwa, da ruwa a hannunka? Da wane ido za ka dube ta? Na lalubi wani tsinin dutse na huda gwangwanin. Na yi bisimilla na sha.

Ban taɓa nadamar shan ruwan nan ba, kuma ba zan yi ba. Wanda ya ce na karya alkawari ya je ya zauna a tsagar da azahar, sannan ya dawo mu yi magana. Kuskuren shi ne tafiya da ruwa ɗaya. Duk inda za ka, ka ɗauki ruwa biyu, na wanda za ka kai wa da naka. In ka fara aiki za ka so ka aiko wa kowa, ka ɗauki nauyin kowa, ka nuna wa mutanen unguwarmu ta Utaibiyya autan Audu ya zama mutum. Ka yi, amma ka ci abinci, ka yi barci, ka ajiye abin da zai dawo da kai gida. Ba na son alherin da za a kawo mini tare da labarin kana kwance.

Na rage kusan rabi, na toshe hujin da tsumma. Sai saukowa. Ba wanda ya gaya mini saukowa ta fi hawa wuya. Da nake hawa ban waiga ba ko sau ɗaya, saboda haka da na juyo sai na ga wurin baƙo, duk duwatsun sun canza fuska. Ƙafa ta sale. Na zame na faɗi a kan bayana, gwangwanin ya lotse, tsumman ya fita. Ina kwance ina jin sanyin ruwan yana bin rigata, yana shiga dutse. Kafin in kwance shi daga bayana ya tsiyaye.

A gindin dutsen na tarar da Mamman Dogo ya taho nemana da salka a kafaɗa. Bai ce sannu ba. Ya zage ni tas, ya haɗa da kakannina, sannan ya zaunar da ni ya jiƙa rawaninsa ya naɗa mini a ka, ya yage rigarsa ya ɗaure mini ƙafafu. Da rana ta yi sanyi ya rataya hannuna a wuyansa muka zagaya har wurin duwatsun uku. Ƙasar ta baje, ba tudu, ba alama, amma na san nan ne. Muka yi sallama, muka yi addu'a. Na girgiza gwangwanin, ko ɗigo. Sai Mamman ya kwance bakin salkarsa ya yayyafa, ya ce, "Inna, ga na rijiyar Lit, ki yi maneji. Na Makka ɗanki ya shanye."

Na yi dariya da kuka a haɗe. A hanya ya ce mini ruwa ruwa ne, magana ta ƙare. Na ce masa ta ƙare a wurinsa. Ni Zamzam na ce zan kai.

Za ka ce to me ya hana ni komawa duk shekarun nan. Tambaya ce mai kyau, kuma ba zan ɓoye a bayan kowa ba. Da fari ba ni da iƙama, wato takardar zama a ƙasar, aka kuma fara tsare hanyoyi, wanda ba shi da takarda ba ya nisa da unguwa. Da takarda ta samu sai aure, sai ku. Na koma tuƙin bas ɗin alhazai, shekara ta zama daga Umra sai Hajji, daga Arfa sai Muzdalifa, mutum ya sauka daga mota ƙafarsa a kumbure. Kullum in ce baɗi. Da aka shimfiɗa kwalta sai aka ja ta can yamma, dutsen ya koma gefe, sai dai ka hango kansa. Na wuce shi da fasinja a mota ba sau ɗaya ba, in yi sallama ta taga. Sau ɗaya na ɗauki mai tasi muka sauka daga kwalta, bayan rasuwar mahaifiyarka. Na ce ba sai na hau ba, zan gane daga ƙasa. Muka yi ta zagaye. Daga ƙasa kowane rafi lanƙwasasshe ne, kowane dutse yana da 'yan'uwa biyu. Mai tasi ya gaji ya ce shi yana da iyali. Na dawo da jarkata a cike, na ba maƙwabta suka sha.

Kalmar nan baɗi, ka yi hankali da ita. Ba ta da kaifi, ba ta da nauyi, amma ita ta cinye mini ƙarfin gwiwata ina kallo. Abin da ka san wajibinka ne, ka sa masa rana, ka gaya wa wani ranar don ya tuna maka.

Kuma ban taɓa kai ɗayanku ba. Na bar ku kuna amsa mini da Larabci ina jin daɗi wai 'ya'yana sun zama 'yan gari. Ban hana ba, yanzu ma ban hana ba, garinku ne, a nan aka yanke cibiyarku. Amma ranar da ɗan Rabi ya tambaye ni ko mu ma muna da kaka, ko daga Utaibiyya muka tsiro, ban yi barcin rana ba. Mamman Dogo ya rasu. Mutanen ayarinmu ba saura. Duk duniyar nan, Yunusa, ido biyu ne kaɗai suka san inda Inna take, kuma ɗaya ya fara yana.

Shi ya sa da ka ce ka sami aiki a Jizan kuma da mota za ka, na ce Allah ya kawo lokaci. Na ce ka ɗauke ni, mu tsaya a dutsen, in nuna maka, sannan ka sa ni a bas in dawo. Ka tuna abin da kuka yi. Rabi ta kira likitan mustashfa, wato asibiti, a jawwal, wayar hannu, ya maimaita abin da ya saba faɗa, wai zuciyata ba ta son hawa ko da matakalar bene ce. Kai kuma ka buɗe taswira a wayarka ka ce in nuna maka da yatsa. Na duba, na yi iya ƙoƙarina, ka gani. Hoton yana da kyau, ban raina shi ba, har dutsen na gane. Amma daga sama tsaye aka ɗauke shi, ni kuwa daga tsagar aka nuna mini, a karkace, da rana a bayan kunnena. Duwatsu uku sun zama ɗigo cikin ɗigo dubu. In na nuna maka wani wuri don ka rabu da ni, sai ka je ka yi wa fili sallama har ƙarshen rayuwarka, ka kuma koya wa 'ya'yanka.

Sannan Rabi ta ɓoye mini takalmi. Takalmina na tafiya, mai igiya, wanda na yi Hajji da shi ba adadi. Ta bar mini silifan banɗaki. Ka gaya mata na gode, kuma na san yana gidanta, bayan injin wanki. Ban ɗauka ba don kada ta ce na yi mata bincike a gida. Malam Isuhu ya ara mini nasa, ƙafarmu ɗaya, na kuma gwada shi, na zagaya unguwa da shi har kasuwa. Ya ce in Rabi ta tambaya shi bai san zancen ba. Ga shi kuwa da hannunsa ya rubuta.

Ka ce mini yayyafa ruwa a tsohon kabari ba ya ƙara wa mamaci komai, addu'a daga nan ma tana isa. Na yarda, ban yi musu da malamanku ba. Ba zan gina komai a wurin ba, ba zan roƙi Inna komai ba, Allah nake roƙo. Ita ba ta bukatar ruwan. Ni nake bukatar in kai. Ubana ya kama kaina da hannu biyu ya ba ni saƙo, ina so in na same shi in ce na isar.

Ka kuma ce wataƙila ambaliya ta share wurin tuntuni. Wataƙila. To in gani da idona, in san na zo na tarar an share.

Maganar da ta fi tsaya mini ita ce wadda ka faɗa a bakin ƙofa, da Hausa, shi ya sa na san daga zuciyarka ta fito. Ka ce, "Baba, mutane suna sayar da gonakinsu don su mutu a Makka, kai kana ciki za ka fita ka mutu a daji?"

Na ji tsoron da ke cikinta, kuma Allah ya yi maka albarka da shi. Ni ma ina son a sallace ni a Harami, a kwantar da ni a garin da Baba da mahaifiyarka suke. Wa zai ƙi? Amma Inna ta bar garinsu da danginta, ta taka ƙasa bayan ƙasa da zazzaɓi a jikinta don ta ga Ka'aba, ta faɗi saura kaɗan. Kana nufin Allah bai san inda ta nufa ba? In kwanana ya ƙare a gindin dutsen nan, ka haƙa kusa da ita, ka yayyafa mini abin da ya rage a jarka, ka wuce wurin aikinka kada ka makara. Ba laifinka ba ne, ga shi a rubuce, Malam Isuhu shaida. In kuma kwana bai ƙare ba, to zama a ɗaki da silifan banɗaki ba zai ƙara mini ko yini ba. Likita ya san zuciya, na ba shi wannan. Bai san abin da aka ajiye a cikin tawa ba.

Ban zama wawa ba, kada ka ɗauka yaron nan mai silifar roba ne yake magana. Ga yadda za a yi. Mu isa da yamma, mu kwana a garin da ke kusa, mu kama hanyar awaki gari na wayewa. In sha maganina kafin mu tashi. Duk inda ka ce zauna, in zauna, ba gardama, na yi alkawari, Isuhu ka rubuta wannan da kyau. Kai za ka riƙe ruwan sha, ni in riƙe na Inna. Muna hawa muna waigawa, kana riƙe hanyar a kanka, ka ɗauki hotuna yadda kake so, a nan jawwal ɗinka zai yi amfani. In muka kai tsagar zan kama kanka da hannu biyu, ko ka fi ni tsawo sai ka sunkuya. Daga ranar ka zama mai wurin. In ka haihu ka kai su tun suna ƙanana, kada ka ce baɗi.

Ban ce ka goya ni ba. Amma in ƙafa ta ƙi a kusa da ƙarshe, ka sani an taɓa hawa dutsen nan da mutum a baya, kuma wanda ya yi goyon ya fi ka yunwa a ranar.

Sauran nasiha kaɗan ce, ka san ta. Ka riƙe salla a kan lokacinta ko injin kamfani yana kuka. Ka nemi Hausawan Jizan, suna nan, ka gaishe da tsofaffinsu a tsugune ko da Hausarka tana tuntuɓe, za su yi maka dariya sannan su ba ka tuwo. Kada ka yi tuƙi kana jin barci. Ka riƙa kiran Rabi, ta fi nuna ƙarfin hali fiye da yadda take da shi. In ka ga yarinyar da ta kwanta maka, ka gaya mini kafin ka gaya wa abokanka.

Allah ya tsare gabanka da bayanka, damanka da hagunka. Ya sa ka fita lafiya ka isa lafiya, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya raba ka da abokin da zai ce maka dutse ƙarami ne. Allah ya jiƙan Inna da Baba da Hajara da Mamman Dogo, ya sa ƙasa ta yi musu sanyi. Na yafe maka duniya da lahira, ko ka ɗauke ni ko ba ka ɗauke ni ba, kada wannan ya zame maka nauyi a hanya.

Malam Isuhu zai miƙa maka takardar nan in ya tashi daga shago, tunda hanyarsa ce. Na riga na cika jarka biyu a Harami, ɗaya na ɗaura mata jan zare don kada a haɗa. Gobe in Allah ya kai mu, in na idar da asuba, zan sa takalmin Isuhu in hau mota zuwa Kudai. Za ka fito ka same ni zaune a gefen motarka, ta ɓangaren mai zaman banza. In ka buɗe mini ƙofa, alhamdu lillahi. In kuma na tarar ka riga ka sulale, tashar bas tana nan kusa, ƙafata ta san ta fiye da gidana. Zan hau ta Lit, in sauka inda kan dutsen yake leƙowa, in bi kashin awaki a hankali. Ka ga sai ka zaɓa, ko ka hau tare da ni ka ga wurin, ko ka ji labari a bakin makiyaya.

Mahaifinka,
Audu Direba, Utaibiyya.